Daga Bakin Gulbin Maraɗi Zuwa Gaɓar Teku: Fashin Baƙi Kan Aikin Masu Kwashe Leda

Duk wanda ya fita bayan garin Maraɗi da rani, ko ta hanyar Ɗan Isa ko ta hanyar Tibiri, ya san irin furen da itatuwan ƙaya suke yi a wannan zamani: baƙar leda da fara, sun maƙale a kowane reshe, iska tana kaɗa su. Mu mutanen tudu ne, tsakaninmu da teku akwai ɗaruruwan kilomita, kuma in ban da alhazan da kasuwanci yake kai su tashar jiragen ruwa ta Kotonu ko ta Lome, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa a gaɓarsa. Shi ya sa idan hotunan ƴan sa-kai sanye da safar hannu suna tsintar shara a bakin teku suka gifta a Facebook, mai karatu a unguwar Zariya ko Sabon Gari yakan wuce su, yana ganin sha'anin wasu mutane ne. To amma kayan da suke tsinta su ne dai kayan da muke zubarwa, kuma tambayar da ta dame su ita ce ke jiran matasanmu masu fita sharar unguwa ranar Lahadi: shin kwashewa tana maganin abin, ko kuwa aikin baban giwa ne?

Sai mu fara da girman matsalar, domin ba a auna aikin ƴan sa-kai daidai sai an san abin da suka tunkara. A shekarar 1950 robar da ake ƙerawa a duniya duka ba ta wuce tan miliyan 2 ba. A 2019 ta kai kimanin tan miliyan 460. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa daga 1950 zuwa 2015 an ƙera tan biliyan 8.3, kuma daga abin da ya zama shara a ciki kashi 9 cikin ɗari ne kawai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 kuwa suna nan jibge a bola ko warwatse a doron ƙasa da cikin ruwa. Dangane da abin da ke isa teku, ƙiyasin da ya fi shahara shi ne na Jenna Jambeck da abokan aikinta na 2015, wanda ya ce a shekarar 2010 kaɗai tsakanin tan miliyan 4.8 da 12.7 ya shiga teku daga tudu, aka riƙa ambaton miliyan 8 a matsayin tsaka-tsaki. A arewacin tekun Fasifik, tsakanin Hawai da Kalifoniya, igiyoyin ruwa masu kewayawa sun tara tarkace a wani yanki da wani binciken 2018 ya auna shi da murabba'in kilomita miliyan 1.6, wato ya fi ƙasar Nijar faɗi, tunda tamu miliyan 1.267 ce. Ba tsibiri ba ne da mutum zai taka, kamar yadda wasu suke zato. Ya fi kama da kunu mai gudaji, ƙananan ɓarɓashi da manyan tarkace suna yawo a ruwa, kuma kusan rabin nauyinsa komar masunta ce da aka yar ko ta tsinke.

Aikin gayyar share gaɓar teku a tsararriyar siffarsa ya fara ne a jihar Texas ta Amurka a 1986, lokacin da wasu mata biyu, Linda Maraniss da Kathy O'Hara, ma'aikatan ƙungiyar da ake kira Ocean Conservancy a yau, suka tara mutum 2,800 suka kwashe tan 124 na shara a rana ɗaya. Daga nan abin ya zama al'ada ta kowane watan Satumba, ya kuma bazu zuwa ƙasashe fiye da ɗari. A 2008 mutanen Estoniya, ƙaramar ƙasa a arewacin Turai, suka fito su 50,000 suka share ƙasarsu cikin yini guda, kuma daga wannan yunƙuri ne aka samu ranar tsabtace duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar mata da 20 ga Satumba tun daga 2024.

Labarin da ya fi ratsa zukata shi ne na gaɓar Versova a birnin Mumbai na Indiya. A watan Oktoban 2015 wani lauya mai suna Afroz Shah, tare da wani dattijo maƙwabcinsa ɗan shekara 84, suka fara kwasar shara da hannunsu a wurin da leda ta binne rairayi har ba a ganinsa. Sannu a hankali jama'a suka biyo su, ɗalibai da masunta da ƴan kasuwa, kowane ƙarshen mako, har zuwa 2017 aka ce sun kwashe fiye da kilo miliyan 5. A watan Maris na 2018 aka ga ƴaƴan kunkurun teku sun ƙyanƙyashe a wurin suna rarrafawa zuwa ruwa, abin da aka yi kusan shekara ashirin ba a gani ba. Babu mai hankalin da zai raina wannan aiki.

Sai dai lissafi ba ya jin kunyar kowa. Idan muka ɗauki tan miliyan 8 a shekara, to kowace rana kimanin tan 22,000 ke shiga teku. Ke nan tan 5,000 da mutanen Versova suka shafe kusan shekara biyu suna kwasa, teku yana karɓar irinsa a ƙasa da awa shida. Duk abin da gayyar watan Satumba ta tara tun daga 1986, da hannun miliyoyin mutane, bai wuce tan 200,000 ba, wato abin da ke kwarara cikin kwana goma. Wannan shi ne abin da masu sukar aikin suke riƙewa, kuma suna da gaskiya a nan. Matar da ɗakinta ke yoyo da damina tana iya kwana tana kwalfe ruwa da ƙwarya, amma muddin ba a hau soro an yaɓe inda ya tsage ba, an kuma buɗe indararo, gobe ma haka za ta kwana.

Akwai ma suka ta biyu da ta fi wannan zafi. A 1953 manyan kamfanonin lemo da na mazubin kaya a Amurka suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Keep America Beautiful, wadda ta shafe shekaru tana wa'azin cewa mai yar da shara shi ne mai laifi. Masu nazari da dama suna ganin hakan ya karkatar da hankalin jama'a daga wanda ya ƙera kwalbar da ba a mayarwa zuwa wanda ya sha ya yar, kuma har yau kamfanin da robarsa ta cika gaɓa yakan ɗauki nauyin riguna da ruwan sha na masu shara, ya fito a hoto a matsayin mai taimako. Ɗan sa-kai yana iya zama ɗan aikin kamfani na kyauta bai sani ba.

To me ya sa, duk da haka, nake ganin aikin ba na banza ba ne? Dalili na farko yana cikin halin robar kanta. Roba ba ta ruɓewa kamar ganye ko kara. Rana tana gasa ta, ta yi rauni, igiyar ruwa da rairayi su murje ta, ta koma ɓarɓashi. Idan guntun ya gaza milimita 5, kamar ƙwayar dawa ko ƙasa da haka, ya fita daga abin da hannu ko raga za su iya kamawa, kifi ya haɗiye shi, tsuntsu ya ciyar da ƴaƴansa da shi, har a gishirin teku an same shi. Gaɓa ita ce wurin da wannan murjewa ta fi sauri, saboda zafi da iska sun fi yawa a can fiye da ƙarƙashin ruwa, kuma ita ce wuri na ƙarshe da mutum mai buhu zai iya ɗaukar gora ɗaya tana guda, kafin ta zama dubban gutsattsari. Kwashewa a tsakiyar teku, irin wadda ƙungiyar The Ocean Cleanup ta Boyan Slat, ɗan ƙasar Holan, take yi tun bayan kafa ta a 2013, tana buƙatar manyan jirage da mai da kuɗi masu yawa, shi ya sa ita ma daga 2019 ta haɗa da kafa shingaye a bakin koguna.

Dalili na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan aikin. Tun ranar farko a Texas, ba buhu kaɗai aka bai wa kowane ɗan sa-kai ba, har da takardar ƙidaya: guntun sigari nawa, murfin kwalba nawa, leda nawa, igiyar masunta nawa. Abin da aka tara cikin shekaru ya zama shaida da babu wani ɗakin bincike da zai iya biyan kuɗin tattara ta. Ta haka aka gano cewa guntun sigari, wanda matatarsa roba ce ba auduga ba, ya yi shekaru da yawa yana kan gaba a yawan abin da ake tsinta, tare da ledar kayan maƙulashe da gorar ruwa da murfinta da tsinken zuƙar lemo. Lokacin da Tarayyar Turai ta kafa dokarta ta 2019 kan robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, ba ta yi shaci-faɗi ba. Ta ɗauki kayayyaki goma da ƙidaya ta nuna sun fi yawa a gaɓoɓinta, ta hana wasu daga watan Yulin 2021, ta kuma tilasta a riƙa ɗaure murfi a jikin gora don kada ya ɓace shi kaɗai. Daga 2018 wasu ƙungiyoyi suka ƙara mataki, suna rubuta sunan kamfanin da ke jikin kowane tarkace, kuma Coca-Cola ya yi ta fitowa na farko shekara bayan shekara. Shara da aka kwashe aka jibge, gobe wata ta maye gurbinta. Shara da aka ƙirga tana iya zama doka.

Yanzu sai mu dawo gida. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta madatsar Jibiya ya shigo Nijar, ya ratsa yankin Madarunfa, ya wuce ta gindin birnin Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Rima ya haɗu da gulbin Sakkwato, su zuba a kogin Kwara, wanda mutanen Yamai ke kira Isa, shi kuma ya gangara har tekun Atlantika. A 2017 wasu masu bincike a Jamus sun lissafa koguna goma da suka ce su ne ke ɗauke da mafi yawan robar da koguna ke kaiwa teku, takwas a Asiya, biyu a Afirka, wato Nilu da Kwara. Da wannan kaɗai mutum zai iya tsayawa ya ce ledar da aka yar a Babbar Kasuwa tana ƙarewa a cikin kifin teku. Amma ba na son mu ruɗi kanmu da magana mai daɗin ji. Wani bincike na 2021 ya gyara wancan hoto, ya nuna cewa koguna fiye da dubu ne ke raba kashi 80 cikin ɗari na kayan, kuma mafi yawansu ƙanana ne da ke ratsa birane masu cunkoso dab da gaɓa, irin kogin Pasig na Manila. Gulbinmu kuwa ƴan watannin damina kaɗai yake gudu, yana bazuwa a fadama, ga madatsun Goronyo da Kainji da Jeba a kan hanya. Mafi yawan ledarmu ba ta zuwa ko'ina.

Wannan ba albishir ba ne. Ma'anarsa ita ce abin da teku yake yi wa mutanen Legas da Akara, wato karɓar shararsu, a nan ƙasarmu ce take yi, da dabbobinmu. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuya ko saniyar da ta yi kiwo a cikin gari: dunƙulen leda da ya cuɗe ya yi tauri, dabba tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen dusa da magani bai san abin da ke cinta ba. Maraɗi, garin da ake alfahari da jar akuyarsa, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, ya kamata wannan ya dame shi fiye da yadda kunkurun Mumbai ya dami kowa. Manomin da ke sayen amalanken shara daga bola don takin gona yana kai leda tare da takin, ta kwanta a ƙarƙashin ƙasa ta hana ruwa ratsawa ta kuma tare saiwar hatsi. Ledar da ta tara ruwa gidan sauro ce. Wadda ta toshe lambatu kuwa ita ce ke juya ruwan sama zuwa cikin gidaje. Ba leda kaɗai ke kawo ambaliya ba, akwai yawan ruwan da gini a kan hanyarsa, amma garin da ambaliyar 1945 ta tilasta masa tashi daga kwari ya hau tudu, wanda kuma ya sake ganin ɓarna a daminar 2024, bai kamata ya yi wasa da magudanan ruwansa ba.

Doka ba ita ce ta yi mana ƙaranci ba. Tun 5 ga Nuwamban 2014 Nijar take da dokar da ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da siririyar leda. Kowa ya san yadda kasuwa take duk da haka: tumatir na dala ashirin leda, ƙosai leda, fura da nono leda, har man gyaɗa da koko mai zafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ledar tana da arha ƙwarai har mai kaya yana bayar da ita kyauta, masana'antunta suna nan kusa a Kano, iyaka kuma doguwa ce. Ruwanda, da ta hana leda a 2008, ta yi nasara ne saboda ta haɗa hanin da binciken kaya a kan iyaka da kuma aikin gayya na dole a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Kenya ta kafa tata dokar a 2017 da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara huɗu, amma har yanzu tana fama da ledar da ake fasa-ƙwaurinta daga maƙwabta. A matakin duniya ma maganar ta cije: a watan Maris na 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi cewa za a tsara yarjejeniya kan roba, amma taron Busan na Disamban 2024 da na Janeba na Agustan 2025 duk sun watse ba a daidaita ba, saboda wasu suna son a rage yawan robar da ake ƙerawa, ƙasashe masu arzikin mai irin Saudiyya da Rasha kuma suna cewa a tsaya ga gyaran hanyar zubar da shara.

Aikin gayya ba baƙo ba ne a wurinmu. Dattawa suna tuna yadda samariya take fita da ganga a zamanin Seyni Kunce, a share tituna a gina azuzuwa. Abin da ya kamata mu ara daga mutanen gaɓa ba riga da hoto ba ne, dabara ce. Ta farko ita ce lokaci. Ranar 20 ga Satumba ta dace da wasu ƙasashe, amma a Maraɗi ƙarshen damina ke nan, ruwa ya riga ya kwashe abin da zai kwashe ya binne saura a laka. Lokacinmu shi ne Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko, sa'ad da lambatu yake a bushe, gulbi yake rairayi, ana iya taka cikinsa a tsince leda tana guda. Gaɓarmu ita ce bakin gulbi, da kwazazzaban da ke gangarowa daga gari, da kewayen tafkin Madarunfa inda masunta ke cin abinci.

Ta biyu ita ce sanin inda za a kai abin da aka tara, kuma a nan ne yawancin yunƙurin unguwa yake tuntuɓe. Na sha ganin matasa sun yi gumi tun safe sun tara tsibi, da la'asar a cinna masa wuta, hayaƙi mai ɗaci ya cika gidajen da aka ce ana tsabtacewa, ko kuma a bar shi a bakin titi iska da awaki su mayar da shi inda ya fito. Hayaƙin roba guba ne, musamman ga yara da masu ciwon ƙirji, kuma matan da ke hura gawayi da guntun leda kowace safiya su ne suka fi shaƙarsa. Lura da abin da ba a cika gani a bola ba yana da amfani a nan: ƙarfe da gorar ruwa da fasasshen bokiti ba sa daɗewa a ƙasa, domin ƴan gwangwan suna saye, masu zoɓo da kunun aya suna neman gora. Siririyar leda ce kaɗai babu mai so, saboda ba ta da nauyi, ga datti, sai an tara buhuna kafin a samu kilo. Akwai masu narka ta da rairayi su yi dutsen shimfiɗa tsakar gida da titi, kuma sana'a ce mai kyau idan aka kare ma'aikata daga hayaƙin, amma ba za ta shanye abin da gari guda yake zubarwa ba sai an samu mai sayen dutsen da yawa. Waɗanda suka manyanta za su tuna lokacin da ba a barin mutum ya fita da kwalbar lemo daga kanti sai ya ajiye kuɗin kwalba. Wannan tsohuwar dabara ce Jamus take amfani da ita a kan gorar roba, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na gorunanta suna dawowa.

Ta uku ita ce takardar ƙidaya. Idan ƙungiyar matasa ta share lambatu ɗaya a Bagalam ko Mokoyo, ta zauna ta ware abin da ta samu, baƙar leda kaza, ledar ruwa kaza, ledar omo da ta madara da ta biskit kaza, ta maimaita haka shekara uku a wuri guda, to ta samu abin da za ta ajiye a gaban magajin gari da masu unguwa da shugabannin ƴan kasuwa, ba koke kawai ba. Ina kyautata zaton ledar ruwa ta dala biyar za ta fito kusa da kan gaba, kuma ita ce mafi wuyar sha'ani, domin ba za a ce wa ɗan kabu-kabu ko mai tura baro a zafin watan Afrilu ya daina sayen ruwan sanyi ba. Sai dai tana da wata siffa da baƙar leda ba ta da ita: kaurinta ya isa a sake narka ta, kuma masu ƙulla ta ba a wata ƙasa mai nisa suke ba, yawancinsu a cikin gari suke, motocinsu da amalankensu suna zagaya kowane kanti da safe ɗauke da kaya, su koma babu komai. Wanda zai nemi su riƙa komawa da ledar jiya ba zai sha wahalar gano su ba, tunda kowace leda tana ɗauke da sunan mai ita a rubuce a jikinta.